Shamuwa a Kan Gawo

Matan da ke sayar da soyayyiyar fara da yaji a Kasuwar Kwastam ta Maiduguri suna da abokiyar sana'a wadda ba ta biyan kuɗin rumfa. Shamuwa ce. Fara da babe da tsutsotsin gona su ne tuwonta, kuma a bin sawunsu take ƙare rayuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris tana can ƙasashen kudancin Afirka, irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda ake damina a lokacin. Wajen Afrilu ko Mayu, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a wayi gari a ganta a bakin kogin Ngadda tana takawa a hankali, baya baƙi, ciki fari, fuska shuɗiya da ɗan ja a gefen ido. Manomi ya ganta, ya je ya ɗauko fartanya.

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shamuwa ta cika wannan magana har da ƙari, domin cikin itatuwan da take ɗora sheƙarta ta ƙirare akwai gawo, shi kuwa gawo gardama ce halinsa. Yawancin itatuwa na tofo da damina, shi lokacin yake kaɗe ganye ya tsaya tsirara, sai kaka ta wuce ya yi kore shar. Tsuntsuwar da ta kawo albishir ɗin ruwa sai ta kwanta kan ƙwai biyu ko uku ba ko inuwa, ruwa na dukanta.

Gane gawo ba wuya. Rassansa farare-farare ne, ƙayarsa miƙaƙƙiya bibbiyu, 'ya'yansa murɗaɗɗu masu launin ruwan goro, waɗanda awaki ke rububi a kai da rani. Yana son gaɓar kogi da fadama da jigawa mai ruwa a ƙasa, saiwarsa na nitsawa can ta same shi. Gero a gindinsa ya fi na fili kyau, tun da ba ya tare masa rana kuma ganyensa taki ne. A cikin Maiduguri dogon yaro, baƙo daga Indiya, ya mamaye tituna. Mai neman gawo sai ya fita gonaki.

Ba a jifar shamuwa. Yaron da ya ɗaga danƙo gare ta zai sha faɗa daga tsohuwar da ba ma kakarsa ba, don ana ganin sheƙarta alheri ce ga gida. Ni dai ina ganin lissafi ne ya zama camfi: bakin da ke cinye fara a gonarka bai cancanci dutse ba.

An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Gidan su shamuwa ba su gaji kuka sosai ba. In miji ya sauka a sheƙa, sai ɗan fito siriri da ƙwanƙwasa baki, sannan matar ta tashi neman fara.