Shekarar 1898 da Somawar Mulkin Mallakar Amurka a Ƙetare

Abin da wannan takarda ke son jawo hankali a kai shi ne, yaƙin da Amurka ta shiga a 1898 da sunan 'yantar da Kyuba daga hannun Sifaniya, babbar ganimarsa a can tekun Fasifik aka kwashe ta.

Bayan nutsewar jirgin yaƙi na Maine a tashar Havana cikin Fabrairu, Majalisar Dokokin Amurka ta yi alkawarin ba za a mallake Kyuba ba. Sai dai ba ta ce uffan ba game da tsibiran Filifin, waɗanda su ma Sifaniya ke mulki. Ran 1 ga Mayu, kwamandan jiragen Amurka George Dewey ya ragargaza jiragen Sifaniya a gaɓar Manila. A yarjejeniyar Paris ta watan Disamba, Sifaniya ta miƙa Puerto Rico da Guam, ta kuma sallama Filifin a kan dala miliyan 20. Ba a ba wakilin Filifin kujera wajen wannan ciniki ba, alhali jagoransu Emilio Aguinaldo ya shelanta 'yancin ƙasar tun ran 12 ga Yuni.

A ganinmu dalilin bai ɓuya ba: Manila zango ce ta shan kwal ga jiragen ruwa, kuma ƙofa ce ta kasuwar Sin. Duk da haka kan Amurkawa ya rabu, domin da ƙyar Majalisar Dattawa ta amince da yarjejeniyar ran 6 ga Fabrairu 1899, da ƙuri'a 57 a kan 27. Kwana biyu kafin nan, yaƙi ya riga ya ɓarke tsakanin sojan Amurka da na Aguinaldo. Sai a 1946 Filifin ta sami mulkin kai.