"Babu Sabis, Ka Dawo Gobe": Yadda Za A Gyara Ayyukan Kwamfuta Na Gwamnati Daga Kankia Zuwa Kusada

Duk wanda ya taɓa bin layin yin rajistar lambar NIN ya san wannan magana. Ma'aikaci ya ɗago daga kan kwamfuta ya ce babu sabis, a dawo gobe. Ga mazaunin birnin Katsina, hakan ɓata lokaci ne kawai. Ga matashin da ya taso daga wani ƙauye a Kusada, ya hau acaɓa zuwa bakin titi, ya shiga mota zuwa Kankia, "gobe" na nufin sabon kuɗin mota da kuma asarar yini guda na gona ko na kasuwa.

Lamarin ya fi tsanani bayan Disambar 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN. A Afrilun 2022 aka toshe kiran waya daga layukan da ba a haɗa ba. Manufar tana da kyau, amma umarnin ya riga shiri, cibiyoyin rajista suka cika maƙil.

Matsalar ba ta tsaya ga NIN ba. Ranar 25 ga Fabrairun 2023, shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC ya kasa karɓar hotunan sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a kan lokaci, kuma daga baya hukumar ta danganta hakan da kuskuren yadda aka tsara manhajar. A Mayun 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa a bainar jama'a cewa an samu tangarɗa da ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas. Dalilin shi ne wani gyara da aka yi wa manhajar bai kai ga wasu na'urorin ba, sai da aka sake zana jarabawar. A duka biyun, kayan aiki na zamani suna nan. Abin da ya gaza shi ne gwaji da bin diddigi kafin ranar da jama'a za su dogara da tsarin.

Ko manyan ƙasashe sun sha irin wannan. A Ingila, gwamnati ta rushe babban shirin haɗa bayanan asibitocin NHS a 2011, shirin da aka ƙiyasta jimillar kuɗinsa da kusan fam biliyan 10. A wannan shekarar ta kafa sashen GDS, wanda ya dage kan cewa a fara da buƙatar mai amfani, a gina ƙaramin abu, a gwada, sannan a faɗaɗa. A Amurka ma, shafin inshorar lafiya na Healthcare.gov ya durƙushe ranar da aka buɗe shi a Oktoban 2013.

A Najeriya, hukumar NITDA ce doka ta ɗora wa sa ido. A zamanin da Isa Ali Pantami ya shugabance ta, daga 2016 zuwa 2019, aka ƙarfafa ƙa'idar cewa ma'aikatun tarayya su gabatar da ayyukansu na fasahar sadarwa a tantance kafin a kashe kuɗi, domin hana tsuga farashi da kuma sayen abu ɗaya sau biyu. A Katsina kuwa, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa hukumar KATDICT domin ta riƙa tsara harkokin fasahar sadarwa na jihar a wuri guda. Wannan mataki ne mai kyau, amma jihar tana da ƙananan hukumomi 34, kuma a can ne za a gane ko tsari yana aiki.

Abu na farko shi ne inda ake gwaji. Manhajar da ta yi gudu a ofis mai wuta da intanet mai ƙarfi ba lallai ta buɗe a ƙaramar waya mai ɗan data ba. Idan aka fara gwada ta a sakatariyar Kusada ko a wani ƙaramin asibiti a Kankia ta yi aiki, to za ta yi a ko'ina. Ya kamata kuma ta iya adana bayani idan sabis ya ɗauke, ta tura da kanta idan ya dawo, sannan a samar da ita da Hausa.

Na biyu shi ne kuɗin kulawa. Sau da yawa ana ware kuɗin sayen kwamfuta, a yanke kyalle, a ɗauki hoto, amma babu kasafin sola, batir, data da gyara na shekaru masu zuwa. Bayan wata shida sai ƙura ta rufe na'urorin, a koma ga takarda da biro.

Na uku, kada ɗan kwangila ya tafi da makulli. Yarjejeniya ta fayyace cewa bayanan jama'a da tushen manhajar mallakin gwamnati ne, kuma a biya shi kashi-kashi, bayan kowane sashe ya yi aiki a hannun ma'aikatan da za su riƙe shi. Horar da waɗannan ma'aikata ba alfarma ba ce. Kankia na da makarantar koyon aikin lafiya, kuma ɗalibanta su ne za su riƙa shigar da bayanan marasa lafiya nan gaba.

Matasa masu wayar hannu suna da tasu rawar. Su ne ke cike wa iyaye fom, su ne ke fara ganin inda shafi ya maƙale. Idan suka ɗauki hoton kuskuren, suka rubuta rana da wuri, suka tura wa hukumar da abin ya shafa, ƙorafinsu ya zama hujja. Suna kuma iya tambayar kansilansu ko ɗan majalisarsu mai wakiltar Kankia, Kusada da Ingawa: nawa aka kashe, wa ke kula da aikin, kuma mutum nawa ya yi wa amfani?