Itanimulli: kalmar da aka ce ta tona asirin Illuminati

Duk bayan ɗan lokaci saƙon yakan sake kewayowa a Facebook, WhatsApp da TikTok: a rubuta sunan Illuminati daga ƙarshe zuwa farko, a ƙara masa ".com", a ga abin mamaki. Kalmar da ke fitowa ita ce "itanimulli", kuma masu gwadawa sun daɗe suna tsintar kansu a shafin NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka da aka kafa a 1952. Wannan ɓangaren gaskiya ne, kuma a nan jita-jitar ta samo ƙarfinta, domin ba a ce wa mutum ya yarda da kowa ba, da yatsansa ya latsa, da idonsa ya gani. Ƙaryar tana cikin fassarar da aka ɗora wa abin, wato wai hukumar ce ta mallaki adireshin, ko kuma ita da ƙungiyar asirin Illuminati uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Adireshin intanet mai ƙarewa da ".com" haja ce a kasuwa. Duk mai ɗan kuɗi zai iya yin rajistar wanda ba a riga shi ɗauka ba, ya riƙa biyan kuɗin shekara, sannan ya umarce shi da ya tura duk mai shigowa zuwa wani shafin da ya ga dama, kamar yadda ake juya kiran waya daga wannan layi zuwa wancan. Ba a neman izinin wanda aka tura wa baƙin. Hakan ne ya faru a nan: wani Ba'amurke mazaunin jihar Utah ya yi rajistar sunan a 2002, ya karkata shi zuwa shafin NSA, kuma shi da kansa ya bayyana cewa raha ce kawai. Shafin hukumar kuwa yana ƙarewa da ".gov", rukunin da aka keɓe wa hukumomin gwamnati a Amurka. Idan wani ya kafa allo a ƙofar gidansa ya zana kibiya mai nuna fada, allon bai zama na sarki ba.

Za a ce to me ya hana hukumar ta dakatar da abin, in ba da hannunta ba? Ai juyawar ba a gidanta take faruwa ba, ita dai baƙi take gani sun iso shafin da dama a buɗe yake ga kowa. Wani kuma zai ce mutumin ɗan kore ne, an sa shi gaba don a rufe. Wannan zargi ne da babu hujjar da za ta iya kashe shi, don duk abin da aka kawo sai a ce shi ma cikin shirin yake. Amma a duba ma'anarsa: ƙungiyar da ake cewa tana juya duniya a ɓoye, ta rasa dabarar ɓoye sunanta sai ta zaurancen da yaran unguwa ke warwarewa kafin a kira sallah.

Ita kanta Illuminati ta tarihi ba tatsuniya ba ce. Adam Weishaupt, malamin shari'a a jami'ar Ingolstadt, ya kafa ta ranar 1 ga Mayu 1776 a Bavariya, cikin Jamus ta yanzu, sannan mai mulkin Bavariyar, Karl Theodor, ya haramta ta da dokokin 1784 da 1785. Ko shekara goma ba ta cika ba aka tarwatsa ta, fiye da shekara 160 kafin a kafa NSA.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa NSA ba ta cancanci a kyautata mata zato ba, kuma haka ne. A 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar aiki, ya fitar da takardun da suka nuna tana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutane, tare da shirin PRISM na samun bayanai daga manyan kamfanonin intanet. Sai dai, saɓanin zancen itanimulli, wannan ya tabbata ne da takardun da jaridun Guardian da Washington Post suka buga, kotunan Amurka suka saurari ƙararraki a kai, majalisar ƙasar kuma ta sauya doka a 2015.