Halin da malamin harshe yake ciki a ajin nesa: abin lura game da ƙasar Kurfai

Koyarwa ta hanyar na'ura ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun shekarar 1964 aka soma gwajin telbijin ta lakkol a Yamai, da taimakon Faransa. Darasin Faransanci yana fitowa daga akwati, a cikin aji kuwa akwai mai kula da yara, wanda galibi iliminsa bai wuce na firamare ba, an dai yi masa ɗan gajeren horo. An auna abin da yara suka koya, amma ba a cika tambayar yadda shi mai kula da ajin ya ji ba, alhali an karɓe masa rabin aikinsa an ba akwati.

Tambayar ta dawo a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar. A jihar Tilaberi kuma rashin tsaro ya sa an rufe ɗaruruwan makarantu a shekarun da suka biyo baya. Saboda haka duk mai tsara aikin yaƙi da jahilci a Filinge, ko a Cikal da sauran garuruwan Kurfai ta Tsakiya, dole ya yi tunanin rediyo da wayar salula. Kafin a kai ga haka, ya kamata a san nauyin da za a ɗora wa malami.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da bayyana ciwon da ake kira ƙonewar zuciya a wurin aiki. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka kasa shi uku: gajiyar rai, da janye jiki daga mutanen da ake yi wa aiki, da ganin cewa aikin ba ya haifar da kome. A 2020 kuma MacIntyre da Gregersen da Mercer suka bincika malaman harsuna fiye da 600 waɗanda aka mayar da su koyarwa ta intanet ba shiri. Sun tarar da damuwa mai yawa, kuma waɗanda suka tunkari matsalar, suka nemi shawara da taimako, sun fi samun natsuwa bisa waɗanda suka kauce mata.

Malamin harshe yana da wata wahala tasa ta daban. Kayan aikinsa kunne ne da baki. Mai koyar da rubutun Hausa tilas ya ji ko ɗalibi ya ce kafa ko ƙafa, daki ko ɗaki, ya kuma rarrabe dogon wasali da gajere, da hawa da saukar murya. Waya mai katsewa tana cinye waɗannan duka. A Kurfai abin ya ƙara tsanani, domin Hausar wurin ta yamma ce: ɗalibi yana cewa hwari, littafi yana cewa fari. A cikin aji malami yakan dubi leɓen mai magana ya gane cewa karin harshe ne, ba kuskure ba. Ta waya kuwa sai ya yi ta gyaran abin da bai ɓaci ba, ɗalibi ya yi shiru, malamin ya kasa sanin ko fushi ne ko layi ne ya yanke. Irin wannan shirun, in ya yawaita, shi ne mafarin kashi na uku da aka ambata a sama.

Akwai kuma kuɗin kati da cajin waya, waɗanda sau da yawa daga aljihun malami suke fita, da saƙonnin murya da ke shigowa har bayan sallar lisha, tun da ajin waya ba shi da ƙararrawar tashi.

Ga masu tsari, abin da ya fi sauƙin yi shi ne a ƙayyade lokacin amsa saƙo, a sa kuɗin waya cikin kasafin shirin tun farko, a kuma riƙa tara malaman gunduma ido da ido, ko da sau ɗaya a wata ne, a Filinge. Haka nan duk takardar auna shirin da za a buga, a keɓe mata shafi na tambayoyin da malamin da kansa zai amsa, da Hausa, ba tare da ya sa sunansa ba.