Garmon: Baƙon Kayan Kiɗan da Ya Zama Ɗan Gari a Rasha

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera a Rano ko Kibiya ya ga yaron maƙeri yana zuga wuta, to ya riga ya san rabin yadda garmon ke aiki. Akwatuna ne biyu na katako, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, a tsakaninsu akwai jaka mai naɗe-naɗe da ke buɗewa tana rufewa kamar zugazugi. Makaɗi zai rataya shi a kafaɗa, ya ja, ya matse. Iskar da ta taru sai ta bi ta kan wasu siraran ƙarafa da ke ciki, su yi ta karkarwa, sauti ya fito. Maɓallin da ya danna shi ke buɗe wa iska hanyar ƙarfen da yake so ya yi kuka. Hannun dama ke ɗauke da karin waƙa, na hagu kuma yana riƙe da amo mai kauri da ke ba masu rawa taku. Mutum ɗaya, ba mai ganga ba ɗan amshi, ya isa ya cika dandali.

Asalinsa ba na Rasha ba ne. A 1829 wani mai suna Cyrill Demian ya yi rajistar akodiyan, wani kayan kiɗa mai irin wannan jaka, a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya. A shekarun 1830 aka fara ƙera irinsa a Tula, wani gari da ke kudu da Mosko wanda ya yi suna wajen ƙera bindigogi da tukwanen dafa shayi. Labarin da mutanen Tula ke bayarwa shi ne, wani maƙerin bindiga, Ivan Sizov, ya sayo ɗaya a babbar kasuwar Nizhny Novgorod, ya kwance shi, ya kwaikwaya.

Daga nan kowane gari ya shiga gyara shi yadda zai dace da waƙoƙinsa. Samfurin farko da ya zo daga Turai, maɓalli ɗaya sauti biyu yake bayarwa: daban in an ja, daban in an matse. Mutanen Livny suka yi nasu, livenka, mai doguwar jaka, wanda ko ka ja ko ka matse sauti ɗaya ne. Na Saratov suka maƙala wa nasu 'yan ƙararrawa biyu da ke bugawa tare da hannun hagu. Wanda ya fi yawa a yau shi ne khromka, galibi mai maɓalli 25 a dama da 25 a hagu.

A nan ne nake ganin labarin ya shafe mu. Tun shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan naɗar waƙa na Kano, yau kuma da wuya ka je biki a Rano ko Kibiya ba ka ji waƙar da aka haɗa da shi ba. Dattawa kan ce baƙo ne ya kore kalangu da kukuma. Gaskiya ne, amma baƙunci ba shi ne laifinsa ba, tunda garmon ma baƙo ne. Bambancin shi ne garmon ya faɗa hannun masu ƙira na gida. Namu na gargajiya ma ƙirar gida ne: kukuma irin ta Ibrahim Na Habu da Garba Supa, ƙwarya ce da fata da izgar doki. Kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa gwangwanin kifi ne. Fiyano fa, a kwali yake zuwa, yadda masana'anta ta tsara sautinsa haka za ka karɓe shi.

Garmon yana da iyaka. An gina shi a kan sautuka bakwai na tsani ɗaya, wato yawancin sautukan da ke kan baƙaƙen maɓallan fiyano babu su a jikinsa, kuma kowane garmon da muryar da aka ɗaure shi a kai. Saboda haka ba kowace waƙa yake iya ɗauka ba. A 1907 Pyotr Sterligov ya ƙera wani babba mai cikakkun sautuka a Saint Petersburg, aka sa masa suna bayan. Shi ne ya shiga makarantun kiɗa da manyan zauruka. Garmon ya tsaya a ƙauye, ana koyonsa da kunne, kuma wannan ƙarancin sautukan ne ya sa manomi ke iya ƙwarewa a kansa ba tare da malami ba.

A wancan zamanin da shi ake biki, da shi ake raka samarin da aka ɗauka soja zuwa bakin gari. Abokiyar tafiyarsa ita ce chastushka, gajeriyar waƙa mai layi huɗu, ta soyayya ko barkwanci ko habaici, wadda 'yan mata da samari ke jefa wa juna nan take. A Yaƙin Duniya na Biyu ya bi sojoji har fagen fama. Bai kuma tsaya ga Rashawa ba: Musulmin Tatar, da mutanen Azarbaijan da Checheniya, duk sun yi nasu samfurin, a wasu sassan duwatsun Kokasas ma mata ne suka fi shahara da kaɗa shi a bikin aure.

Da rediyo da kaset suka shiga ƙauyuka, matasa kuma suka kwarara birane, sai aka fara yi masa kallon kayan ƙauyawa. A 1986 Gennady Zavolokin, wani makaɗi daga Novosibirsk, ya fara shirin talabijin mai suna Igrai, garmon, yana bin garuruwa yana ɗaukar makaɗan da ba kowa ya san su ba, a dandalinsu, cikin jama'arsu. Ya rasu a hatsarin mota a 2001, 'ya'yansa Anastasia da Zakhar suka ci gaba da gabatar da shirin.