Zarton Inji Na Yankan Ƙarfe: A Duba Kafin A Biya

Samari da yawa daga ikilisiyoyinmu na karkara suna koyon walda a Kaduna, wasu a Panteka, wasu a rumfunan bayan gida a Unguwar Sarki. Idan an yaye su, burinsu su koma gida su riƙa haɗa amalanke da ƙofofi da gyaran garmar shanu. Zarton hannu yana cin lokaci, shi ya sa sukan tambaye mu wane zarton inji mai araha za su saya. Sau da yawa kuɗin rance ne daga adashe ko zumunta. In injin bai yi aiki ba, bashi ya hau iyali duka.

Zarton da muke nufi shi ne mai siririn ruwa kamar ɗamara, wanda ke zagaya ƙafafu biyu. Ƙaraminsa yana yanka ƙarfe mai kaurin inci 4 da faɗin inci 6, ya kuwa ishi aikin ƙauye.

Da fari, a duba gudunsa. Na kafinta yana gudun wajen ƙafa 3,000 a minti ɗaya, amma ƙarfe yana son tsakanin ƙafa 80 zuwa 200. Wanda ya sa ƙarfe a na katako, nan da nan haƙora za su ƙone.

Na biyu, wutar. Tamu ta Nijeriya bolt 230 ce, amma injinan gwanjo na Amurka yawanci na 120 ne. A karanta rubutun da ke jikin injin. Mai janareta kuma ya tuna inji yana jan wuta ninki uku ko fiye wajen tashi.

Na uku, ruwan zarton. A tabbata ana samun irinsa a kasuwa, gama inji ba ruwa gunki ne kawai. Ƙa'ida ita ce aƙalla haƙora uku su hau ƙarfen a lokaci ɗaya. Siririn bututu yana son haƙora 18 ko 24 a inci, ƙarfe mai kauri 10 zuwa 14.

Na huɗu, kada a biya sai an gwada. A tafi da guntun ƙarfe, a yanka a gaban mai sayarwa, a aza sukwaya. In yankan ya karkace ko ruwan yana zamewa daga ƙafafun, a bincika dalili tukuna. A leƙa akwatin giya a ga ko da mai.

Wanda aikinsa bai yi yawa ba tukuna, ya haɗa kai da 'yan'uwa biyu ko uku su saya tare. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin zumunta amana ne, 'yan'uwa, mu riƙe shi da tsoron Allah.