Ƙwaƙwalwa, Gado da Matsalar Karatu



Da wuya a shiga makarantar firamare a rasa yaro mai kaifin basira, idonsa garau, kunnensa garau, amma da zarar an buɗe masa littafi sai ya kakare. Abin da aka saba shi ne a kira shi daƙiƙi ko malalaci, a bi shi da bulala. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa sau da yawa tushen wannan matsala, wadda masana ke kira disleksiya, yana cikin tsarin ƙwaƙwalwa da kuma gado.

Bari mu fara da ƙwaƙwalwa. A 1861 likita Paul Broca na birnin Paris ya duba ƙwaƙwalwar wani majiyyaci bayan rasuwarsa, wanda ya yi shekaru ba ya furta komai sai "tan", alhali yana fahimtar abin da ake gaya masa. Sai ya tarar da lahani a gaban ɓarin hagu. A 1892 kuma Jules Déjerine ya ba da labarin mutumin da ciwo ya taɓa bayan ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa, yana iya rubutu amma ba ya iya karanta abin da ya rubuta. Waɗannan manya ne da suka rasa abin da suke da shi. Game da yara kuwa, a 1896 Pringle Morgan na Ingila ya bayyana halin wani haziƙin yaro ɗan shekara 14 wanda karatu ya gagare shi tun farko.

To, mene ne ke faruwa? Yaro na tashi da magana ba tare da malami ba, amma karatu sai an koya, domin dole ƙwaƙwalwa ta shimfiɗa hanya tsakanin sashen gani da sashen sautin magana. Mai disleksiya yakan sha wuya wajen rarrabe sautukan kalma, wato ya gane cewa "gida" sautuka huɗu ne, sa'an nan ya haɗa kowanne da harafinsa. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna ƙarancin aiki a bayan ɓarin hagu yayin da irin waɗannan mutane ke karatu.

Sai batun gado. Tun 1950 Bertil Hallgren na ƙasar Suwidin ya nuna cewa matsalar tana bin dangi. A 2001 masana a Jami'ar Oxford suka gano cewa canji a ƙwayar gado guda, mai suna FOXP2, shi ya haddasa matsalar furuci ga kimanin rabin wani dangi a Landan. Sai dai irin wannan ba kasafai ba ne. A disleksiya ƙwayoyi masu yawa ne ke taruwa, kowacce da ɗan tasirinta. Binciken da aka buga a 2022 ya gano wurare 42 masu alaƙa da ita.

Duk da haka, gado ba shi ne ƙarshen magana ba. A 2001 Eraldo Paulesu da abokan aikinsa sun gwada masu disleksiya daga Ingila, Faransa da Italiya. Alamar da ke ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ce, amma Italiyawa sun fi iya karatu, saboda rubutunsu yana bin furuci sau da ƙafa. Wannan darasi ne a gare mu, domin rubutun boko na Hausa ya fi na Ingilishi kusa da furuci nesa ba kusa ba, ko da yake ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti.

Saboda haka, kira ga malamai da ma'aikatan ilmi shi ne a gane irin waɗannan yara da wuri, a koya musu sauti da harafi daki-daki cikin harshen da suka tashi da shi, a kuma ajiye bulala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.